Akwatin Hoto Tsakanin Maƙera Biyu

Ni ɗan maƙerin baƙi ne, na auri 'yar maƙerin fari. Wanda bai san ƙira ba zai ce to sai me, ai duk gida ɗaya ne. Ba gida ɗaya ba ne. Maƙerin baƙi shi ne mai hauya da gatari da lauje, wanda yake dukan ƙarfe har gumi ya jiƙa masa wando. Maƙerin fari kuwa yana zaune a inuwa da 'yar gudumarsa da ba ta fi cokali ba, yana narka azurfa da tagulla, yana yi wa mata zobe da awarwaro. A wurin babana wannan ba ƙira ba ce, kwalliya ce. A wurin surukina kuma abin da babana yake yi ba sana'a ba ce, dambe ne da ƙarfe.

Ga shi surukin nawa Buzu ne, iyayensa daga arewa suka gangaro, kuma kowa ya san akwai wasa tsakanin Buzu da maƙeri. Rumfunansu a kasuwar Dakoro suna duban juna, hanyar shanu ce kawai ta raba su. Tun ina rarrafe suke zagin juna duk ranar kasuwa, har akwai mutanen ƙauye da ba su zo sayen kome ba, sai dai su tsuguna a tsakani su sha kallo. Ranar da aka ɗaura mini aure ma ba su huta ba.

Ni na bar ƙira na kama ɗinki. Abin da ya hana Baba ya yi fushi da ni har abada shi ne keken ɗinkin baƙi ne. Ya zo ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya ce aƙalla dai ban fita daga dangi ba.

A wancan zamanin Nasara ke mulki, kumandan, wato Baturen da ke riƙe da ƙasar, yana bariki, aka fara cewa takarda kaza sai da hoto, takarda kaza ma sai da hoto. Tsofaffin soja da fatake sai sun je har Maradi a ɗauke su. Na ce wa mutane zan sayo akwatin hoto in haɗa da ɗinki, in hutar da su tafiya. Wannan shi ne dalilin da na faɗa a kasuwa. Dalilin da na riƙe a cikina daban ne. Innata ta rasu ina ƙarami, kuma fuskarta ta ɓace mini sarai. Ina tuna zanenta, ina tuna yadda take kiran kaji, amma in na rufe ido in ga fuskar, babu. Baba kuwa ya fara wani tari da ba na so, masaba ta fara yi masa nauyi a hannu. Tsoro nake ji kada shi ma ya ɓace mini haka. Hoton Baba nake so, sauran duk ƙari ne.

Na sayar da ragona, na hau kamyo, wato babbar motar kaya mai ɗaukar fatu, zuwa Maradi, na shiga kantin wani Kwara, irin Larabawan nan 'yan kasuwa, da aka kwatanta mini. Na ce akwatin hoto nake so. Da ya fito da guda ɗaya da na biya na kama hanya, da yau ba ni da labarin bayarwa. Sai bawan Allahn nan ya fito da biyu ya jera a kan tebur, ɗaya baƙi wuluk, ɗaya fari fat yana walƙiya kamar sabuwar tasa.

Na ce, "Wanne ya hi kyau?"

Ya ce, "Duka ɗaya. Ciki ɗaya, ido ɗaya, kuɗi ɗaya. Riga kawai daban."

Shi a ganinsa ya sauƙaƙa mini. Bai san ya ajiye mini ubana da surukina a kan tebur ba. Na ɗauki farin, sai na ji muryar Baba a kunnena yana tambaya ko 'yan kunne na tafi saye. Na ajiye na ɗauki baƙin, sai na ga matata ta juya mini baya tana daka, irin dakan nan da ba hatsi ake nufi ba. Na shiga kantin da hantsi, har aka kira azahar ina nan ina ɗauka ina ajiyewa. Kwara ya sallami masu sayen atamfa, ya ci abincinsa, ya yi gyangyaɗi ya farka, ya tarar da ni.

Na ce, "Don Allah, babu ja?"

Ya ce babu ja.

"Kore fa?"

Ya ce in ba zan saya ba in ba shi wuri.

Gaskiya farin ne ya shiga raina. Na ga kaina a ciki, hancina ya yi faɗi, amma na ga kaina. Sai dai na tuna wanda na zo dominsa, na san Baba ba zai taɓa zama a gaban abu mai ƙyalli ba ko da kumandan ne ya riƙe shi. Na rufe ido na nuna baƙin. Kwara ya koya mini yadda ake naɗa felikil a ciki, wato abin da hoton ke kwanciya a kai, da yadda ake rataya akwatin a wuya ya sauko ciki, a sunkuya a leƙa wani ɗan madubi a samansa, a ga mutum, a danna. Na ce wa kaina ko ba kome wanda ya ƙera abin nan yana da tarbiyya, don mutum yana iya ɗaukar surukinsa kansa a sunkuye.

Da na dawo, wurin Baba na fara zuwa. Ya goge hannunsa a walki, ya karɓa, ya jinjina nauyinsa, ya ƙwanƙwasa ya kara a kunne. Ya daɗe yana juya shi.

Ya ce, "Wanga ƙarhe ne. Maza sunka yi shi."

Na ce, "To Baba, ka zamna in ɗauke ka?"

Ya ce sai na ɗinka masa riga, ba zai shiga cikin ƙarfen mutane da walki ba. Na ce an gama. Daɗi ya cika ni, har na ga kamar hoton yana hannuna.

A gida kuwa abin da na hango a kantin Kwara shi na tarar. Matata ta dubi akwatin ta ce, "Maigida, wai babu hwari a Maradin duka?" Na ce babu. Ban san mai kamyon da ya kawo ni ya riga ya ba da labarin tsayuwata a kanti ba, har da maganar ja da kore. Kwana biyu furata ba ta ga nono ba. A na uku ta ce mini babanta ya ce a kai masa abin ya gani.

Mu a wurinmu ba a yi wa suruki gardama. Ba a ma cika yi masa magana ba. In na hango shi a hanya sai in tuɓe takalma in tsuguna, ya wuce yana amsa gaisuwa yana duban wani wuri, duk abin da ke tsakaninmu sai ta bakin 'yarsa. To ta yaya zan aika masa cewa ba zan bayar ba? Na cire felikil, na naɗe akwatin a ƙyalle, na bayar, na bi shi da addu'a.

Washegari ranar kasuwa ce. Ina kan keke ina ɗinkin rigar Baba sai na ji hayaniya wajen rumfunan maƙera. Na je na tarar da surukina a tsaye a tsakiyar hanyar shanu, rawaninsa har hanci, ya ɗaga akwatina sama yana juya shi a rana. Ashe ya ɗan goga magagari a kusurwa ɗaya don ya ga abin da ke ƙasa, sai ga tagulla ta fito rawaya. Baƙin nan duk fenti ne. Da ya ga haka sai ya samo toka da tsamiya ya zauna ya yi aikinsa. Kusurwoyi huɗu da goshin akwatin duk suna walƙiya, har ya yi masa ɗan zane irin na sirdin raƙumi, ya ɗaura masa tuntun fata.

Yana cewa, "Maƙeri, hito ka ga ƙarhenka! Baƙar riga anka sa mai don ya ratsa unguwarku lahiya. Ciki namu ne!"

Baba ya fito da awartaki a hannu. Ya dubi akwatin, ya dube ni. Ban taɓa ganin ya ji kunya irin ta ranar ba, don jiya-jiyan nan ya gama yabon abin a gaban abokansa.

Ya ce, "Munahukin ƙarhe. Waje maƙeri, ciki Buzu. Ni in zamna gaban wanga? Aradu ban zamnawa."

Kasuwa ta kwashe da dariya. Ni kaɗai ne ban yi ba.

Na karɓo akwatina ta hannun matata, na ajiye a rumfata. Na fita sallar la'asar na dawo, babu shi. Maƙwabcina ya ce Baba ne ya zo ya ɗauka, wai zai gyara. Ban san lokacin da na tsallake buhunan wani mai gero ba. Na isa maƙera na tarar wuta ta kama, ga man gyaɗa a ƙoƙo, ga akwatina a bakin awartaki. Haka Baba yake baƙanta sabuwar hauya, ya gasa ta ya shafe ta da mai, ta yi baƙi har ta mutu. Na faɗi a gabansa na riƙe awartakin.

Na ce, "Baba, ka yi wa Allah! In ya shiga wuta ya mutu."

Ya ce, "Ƙarhen da ba ya shiga wuta mi ne amfaninai?"

Da ƙyar muka shirya a kan ba za a gasa ba. Ya kankaro baƙin tukunya, ya dama da ƙaro, ya shafe akwatin tas, har da gilashin gaba da hoto ke shiga ta ciki, don wai shi ma yana ƙyalli. Sai da na kai gida na ɓoye na goge idon da ƙyallen alawayyo, ina gogewa ina zagin wanda ya fara narka tagulla a duniya.

Daga nan aka shiga abin da aka shiga. In akwatin ya kwana wajen surukina ya dawo yana walƙiya, in Baba ya gani ya sa a kawo masa ya dawo baƙi yana ɗanko. Ni mai abin sai na zama ɗan aike. A tsakani nake ɗan ɗaukar mutane. Duk farar rigata ta yi tambarin baƙi a ciki, daidai inda akwatin ke zama. Wani tsohon soja ya zo da kakinsa da lambobinsa, na kama haɓarsa na gyara masa zama, hotonsa ya fito da shatar yatsuna a kumatu, ya zagaya gari yana cewa na ƙara masa tsagar da ba ta gidansu ba. Fulanin daji kuma in sun zo sai su tambaya ko yau ranar fari ce, don su ranar da yake walƙiya suke so, su duba fuskarsu a goshinsa kyauta su wuce.

Kowa yana jin daɗin abin. Tsofaffin nan biyu kam ban taɓa ganin sun samu abin wasa irin wannan ba. Amma rigar Baba tana rataye a rumfata an gama ta, tarinsa kuma yana ƙaruwa, har ya fara barin aiki da rana ya kwanta. Duk lokacin da na ce ya zauna, sai ya ce bari a ga ƙarshen tagullar tukuna.

Wata rana na tarar da shi yana dama baƙin tukunya yana tari, sai raina ya ɓaci. Ni mutum ne mai saurin fushi, amma ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba sai ranar.

Na ce, "Baba, ni ba don Buzu na sayo abin ga ba, ba don kumandan ba. Baƙi ne, hwari ne, ko shuɗi ne, ina ruwana! Huskar Inna ta ɓace mani. Ko a mahwalki ban ganin ta. Ba ni so taka ta bi ta."

Ya daina damawa. Na fara nadama. Can ya ce, "Ni ba ta ɓace mani ba." Ya goge yatsunsa a walki ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Kawo rigar ran kasuwa. Kuma a kira Buzun ya tsaya ya gani, kak ya ce tsoron tagullatai nike."

Ran kasuwa na shimfiɗa tabarma a gaban maƙera, na rataya zane a baya. Baba ya fito cikin sabuwar riga da hula, ya zauna a kan turmi, ya ɗora masaba a gwiwa. Akwatin ya sha sabon shafe, baƙi ƙirin. Mutane suka kewaye mu. Surukina yana tsaye a gefena, abin da bai taɓa faruwa ba, ni kuwa na gode wa Allah da aikin na sunkuye ne.

Na leƙa madubin. Sai na ga wani tsoho da ban sani ba. Ya ƙame, ya tsuke baki, ya zare ido, irin fuskar da ake yi in an kira mutum bariki. Riga ta yi masa kyau, amma wannan ba Baba ba ne. Baban da na sani bakinsa ba ya rufuwa. Na ce ya saki jiki, ya ƙara ƙamewa. Na ce ya ɗan yi murmushi, ya ce shi ba amarya ba ne. Ga shi felikil ɗin ya zo ƙarshe, saura ɗauka ɗaya, wani kuma sai an je Maradi. Yatsana yana kan abin dannawa na kasa dannawa.

Ina cikin haka sai na ga wani hannu ya shigo ta gefe da bakin rawani. Surukina ne. Ya tofa ɗan yawu a rawanin, ya goge kusurwar akwatin a hankali, yana rataye a wuyana. Tagulla ta fito, rana ta doke ta, hasken ya tafi ya sauka a idon Baba.

Baba ya zabura. Ya ɗaga masaba, ya buɗe baki, ya ce, "Kai Buzu, ɗan..."

Ban san na danna ba, ƙarar kawai na ji.

Sauran zagin ba na rubutawa ba ne. Da ƙura ta lafa na roƙi Baba ya sake zama in na samo wani felikil. Ya ce shi ya yi alkawarin zama ɗaya, ya kuma cika, ya tuɓe rigar ya mayar da walkinsa. Na koma rumfata ina jin haushin su duka biyun, don na tabbata hoton ya lalace.

Ba ni da kayan wankin hoto, sai na ba mai kamyo felikil ya kai Maradi kamar kullum. Damina ta sauka da ƙarfi, hanya ta yanke, kamyo ya maƙale a can. Baba bai ga ƙarshen daminar ba. Ya rasu gero yana fitar da kai, bayan ya sha fura da safe ya yi faɗa a kan an bar gawayi a ruwa. A wurin jana'iza surukina ya ja rawaninsa har ido. Ran kasuwa bai buɗe rumfarsa ba, ta gaba ma haka.

Hoton ya iso bayan an yi sadakar arba'in. Na buɗe shi ni kaɗai a bayan keken ɗinki. Hannun da ke riƙe da masaba ya zama hayaƙi, hula ta karkace, gefe ɗaya ya yi duhu saboda baƙin tukunyar da ban gama gogewa ba. Amma fuskar ta fito tar. Baki a buɗe, gira a sama, ido yana dariya alhali bakin yana zagi. Baba ne, kamar zai ƙarasa maganar. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka rufe shi.

Da yamma matata ta ce babanta ya ce a kai masa hoton. Na san halinsa, duk abin da ya shiga hannunsa sai ya fito yana walƙiya. Na ga Baba a kewaye da azurfa da zanen sirdin raƙumi har tashin duniya, ba shi da bakin da zai rama. Amma ba a yi wa suruki gardama. Na bayar.

Bayan 'yan kwanaki ina ɗinki sai na ji ana duka a maƙerar Baba, wadda tun rasuwarsa ba a hura mata wuta ba. Dukan ba na gwani ba ne, ana yi ana hutawa. Ban je ba, na ɗauka wani cikin dangi ne yake gyaran hauya.

Washegari da hantsi inuwa ta rufe mini ƙofar rumfa. Na ɗaga kai na ga surukina da kansa. Na yi wuf zan sauka in tsuguna, ya ce in zauna. Hannunsa na dama a naɗe yake da tsumma, ƙuna ta leƙo ta gefe. Ya miƙo mini hoton. Ya yi masa gida na baƙin ƙarfe, an gasa an shafe da man gyaɗa. Kusurwa ɗaya ta fi sauran tsawo, ga shatar masaba ko'ina, aikin da in Baba ya gani sai ya yi shekara yana ba da labari.

Shi ne karo na farko da ya yi mini magana ba ta bakin 'yarsa ba.

Ya ce, "Na auna mai na azurhwa, na hwasa. Ba shi yarda ya zamna cikin hwari."

Ya juya ya tafi rumfarsa. Hoton yana nan a ɗakina, bai taɓa ratayuwa daidai ba. Duk damina gidan nasa yana yin tsatsa, sai in sauke shi in shafa masa man gyaɗa.